Ranar da Aka Wanke Ƙwaryata da Sabulu

Shekarar da aka mai da motoci hannun dama aka kawo ni Kankiya daga Fakuwa. Bayanta da kaɗan aka yi farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa bakin rijiya, cikinsa na haifi ɗana na fari. Damina ta biyu bayan fari, wadda gero ya yi har aka rasa rumbun zuba shi, ita ce na samu irin kindirmona. Ni haka nike ƙirga zamani. Ban shiga aji ba, ban kuma ga abin da rashin shigar ya rage ni da shi ba. Daga wannan damina har shekarar da aka kulle masallatai aka ce kowa ya yi salla a gidansa, irin nan bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Na yi jego bakwai, na rasa uwa na rasa uba, katangar gidanmu ta faɗi sau biyu, yana nan. Sai da korona ta zo. Kuma ba ita ta kashe shi ba, sabulu ya kashe shi.

Don wanda bai sani ba, kindirmo ba ya yin kansa. Sai ka tafasa madara ka sauke, ka bar ta ta huce har ɗan yatsa ya zauna ciki ba ka ce wash ba. Sannan ka ɗebo ragowar kindirmon jiya, rabin ludayi ya isa, ka zuba, ka juya sau ɗaya, ka rufe da faifai ka kai lungu. Wannan ragowar ita ake ce wa iri. Na jiya ke haifar na yau, na yau ya haifi na gobe. Ran da aka shanye duka ko aka zubar, zuri'a ta yanke. Ita kuma ƙwaryar da ake yinsa ciki ba a kai mata sabulu. Ruwan ɗumi, a ɗauraye, a kife ta ta sha rana, shi ke nan. Tawa ita ce ta uku tun da na fara, bayanta ya yi baƙi, cikinta ya yi santsi kamar an shafa mai, gyartai ya ɗinke ta har sau biyu.

Wadda ta ba ni irin wata Bafillatana ce, sa'ata, da ke kawo mamu nono daga rugarsu ta bayan gari. Mai gidana, wanda nike ce wa Malam, ya fita daga shekarar fari da ciwon ciki. Tuwo ya ƙone shi, yaji ya ƙone shi, ko kunu ya sha sai ya kama ciki yana nishi. Abu ɗaya ke kwantar mashi, fura da kindirmon wannan matar. Da mutanenta suka tashi komawa wajen Yashe, inda suka samu gona suka zauna, ta shigo da sassafe da ɗan ƙoƙo a hannu ta dire gabana.

Ta ce, “Kaɗo, in na tafi mijinki mutuwa zai yi, a ce ni na kashe shi. Ga shi nan ki riƙe. Kuma kar ki ciro ko kwabo, iri ba a sayensa.”

Na ce, “Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba, ke za ki koya mani girki?”

Ta ce, “Tuwon naki ne ya kusa kai shi kushewa ai.”

Haka muke da ita. Tun daga ranar muka ƙulla ƙawance. Suna ko biki, sai ta zo da man shanu, ni in je mata da daddawa da kuka. Ta kwana ɗakina, na kwana bukkarta. Sannu a hankali ƙafa ta yi nauyi, ziyara ta koma saƙo, saƙo ya koma gaisuwa a bakin masu zuwa kasuwa. Rabona da ita tun bikin autarta, shekara goma da wani abu.

Malam kuwa, in azahar ta yi, ko yana gona ko yana zaure, kwanon furarsa na gabansa. Shekara arba'in da ɗori bai tsallake ba sai cikin azumi, nan ma da ita yake buɗe baki. Don shi nike turke saniya a gida, in ɗaya ta tsufa ɗiyarta ta gaje ta, ina ba ta dusa da harawa ko rani ya kai ina.

Yanzu bari in faɗi laifina, tun da na ce gaskiya zan faɗa. Kindirmona ya yi suna a unguwa. In ka tsaida ludayi a tsakiyarsa sai ya tsaya. Tsaminsa ba ya cizon harshe, ƙamshinsa kuwa tun daga soro. Mata suka yi ta roƙona iri, ni kuwa ban taɓa ba ko mutum ɗaya ba. Yau in ce bai kama ba, gobe in ce hannu ne ba iri ba. In mara lafiya ya aiko, sai na dama shi da fura kafin ya fita ƙofa, don kar a raga a shuka. Maƙwabciyata ta katanga, wata mai baki kamar reza, ta sha ce mani, “Da shi za a binne ki halan?” Ni in ce, “In an samu wuri a likkafanin.” Daɗi nike ji a ce babu irin nawa a gari.

To, ana haka aka fara maganar korona a rediyo. Da farko muka ce ciwon masu hawa jirgi ne. Sai ga shi an rufe makarantu, an rufe kasuwanni, an tare manyan hanyoyi. Jikata, ɗiyar ɗiyata da ke aure can Kaduna, tana karatun aikin lafiya nan kusa da mu, a makaranta take kwana. Da aka sallame su hanya ta riga ta rufe, sai ta kwaso kayanta ta dawo wajenmu. Budurwa ce cikakka, mai kaifin kai, mai tsabta har ta yi yawa. Ran da ta zo ta kafa bokiti da sabulu a ƙofar gida, ta ce ko liman ne sai ya wanke hannu. Na sa mata suna likita.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe hanya Malam ya je Kano ta'aziyyar wani abokinsa da suka yi fatauci tare. Mun hana shi, ya ce wanda ya ci kwano ɗaya da shi ba zai tafi bai je ya yi addu'a ba. Ya dawo lafiya lau. Kwana bakwai, ana jibi a kama azumi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Tari ya biyo baya, busasshe, mai fita da ƙyar. Ɗana na fari, wanda ke zaune da iyalinsa a sashen gabas na gidan, ya je kemis ya kwaso kafso kala-kala ya yi ta ɗura wa uban. Sai ciki ya ɓalle. Kafin kwana uku Malam ya zabge, idanu sun faɗa.

Jikata ta tsaya tsakar gida ta yi wa kawunta faɗa kamar ita ta haife shi. Ta kwashe kafson ta ɓoye. Ta kira wani babban ma'aikacin lafiya da take koyon aiki a hannunsa, ya zo da fuska a rufe, ya duba, ya zura wani tsinke mai auduga a hancin Malam ya tafi da shi. Ya ce kafin sakamako ya dawo a ɗauka korona ce. A ware shi ɗakinsa, mutum ɗaya ya riƙa shiga, a ba shi maganin zazzaɓi da ruwan gishiri da sukari, in numfashi ya yi wuya a kira shi ko wane lokaci. Abin da ya fi nanatawa shi ne, “Tsohon nan lallai ya ci abinci. In bai ci ba, yunwa da gudawa za su riga ciwon.”

Ni ce mai shiga. Jikata ta ɗaura mani takunkumi a fuska, ta ce in na cire za ta kai ƙarata. Na kai mashi tuwo, ya ce toka. Na kai kunu, ya ce toka. Ya ce ba ya jin ƙamshin komi, ko turaren da na sa a ɗakin. Abu ɗaya ke wucewa, kindirmo tsura, ludayi biyu ko uku. Ya ce shi kaɗai ne harshensa ke ɗan gane wa, tsamin na taɓa shi can nesa.

Rana ta biyar ga azumi abin ya faru. Na daɗe a ɗakin Malam ina mashi firfita, don zafin bazarar nan ba a magana. Jikata kuwa ta ce yau sai ta kashe duk wata cuta da ke gidan. Ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta kawo sabulu da wani ruwa mai warin asibiti, ta bi kwanoni da akussa da ludaya. Ta shiga lunguna, inda ba mai shiga. Ta tarar da ƙwarya a kife da ɗan ƙoƙon iri a rufe. Ta buɗe ta ga ragowa mai tsami, ta ce abinci ne ya kwana, ta watsa wa kaji. Ta jiƙa ƙwaryar a tafasasshen ruwa, ta dirje ta da soson ƙarfe har ta yi fari.

Da na fito na gan ta shanye a kan danga tana ƙyalli, ban gane ta ba. Sai da na ga ɗinkin gyartai.

Na ce, “Likita, mi ne ne wannan?”

Ta ce, “Kaka, ai gode mani za ki yi. Dattin da na fitar a ƙwaryar nan, ko a kwata ban taɓa gani ba.”

“Ƙoƙon fa?”

“Wanda ya lalace? Kaji sun shanye.”

Na zauna a ƙasa, nan inda nike tsaye. Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ce gaban yara. Na dai ce mata, “Abin da kika ba kaji ya girmi uwarki.”

Da na yi mata bayani sai ta dafe kai. Ta ce, “Innalillahi! Kaka, ƙwayoyin na kashe.” Na ce waɗanne ƙwayoyi kuma? Ta ce an koya masu a makaranta cewa ba duk ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke sa cuta ba. Akwai masu amfani. Su ke mai da madara kindirmo, su ke cikin koko da ya kwana ya yi tsami, kuma cikin hanjin kowane mutum akwai su jingim, suna taya shi narka abinci da tare miyagun. Kafson da kawunta ya ɗura wa Malam ba ya taɓa korona, amma yana share na ciki, nagari da mugu, shi ya sa gudawa ta ƙaru. Ta ce har a ƙwayar magani ana sayar da masu amfanin, ta faɗi wani dogon suna na Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Ta ce tun da ciwon nan ya ɓullo masana ke tambayar ko za su taimaki mai shi, ta wajen ciki da ƙarfin jiki, amma ba a tabbatar ba tukuna.

Na ce, “Ashe kin san su.”

Ta ce, “A takarda na san su.”

“Kin san su a takarda, kin gan su a ƙoƙo kin ba kaji.”

“To Kaka, ai ba su rubuta sunansu a jikin ƙoƙon ba.”

Na so in yi dariya, haushi ya hana.

Ranar na tatsi saniya, na tafasa, na zuba a farar ƙwaryar ba iri, na ce ko Allah zai sa wani abu ya rage a jikinta. Da safe madara ta tsinke, ruwa sama, guda-guda ƙasa, tana wari. Na gwada da ruwan tsamiya, ta dunƙule amma ba kindirmo ba ce. Filanin bayan gari sun yi kudu da shanu tun farkon rani, kasuwa a rufe, babu mai tallan nono ko ɗaya. Ɗana ya samo na leda a shago, mai zaƙi kamar alewa. Na sa shi iri, bai kama ba. Na kai wa Malam ya kurɓa, ya kau da kai.

Na aje girman kaina na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata. Na ce ko akwai mai ɗan iri a unguwa.

Ta ce, “Iri? A unguwar nan? Ai mutum ɗaya ke da shi, kuma ta ce hannu ne.”

Na ce, “Ba lokacin wannan ba ne.”

Ta ce, “Na sani. Wallahi da ina da shi da na miƙo maki. Amma da kin ba ni tun shekarun da nike roƙo, yau da ludayi kawai za ki miƙo ta katangar ga.”

Na bar katangar. Gaskiya ta faɗa.

Kwana biyu Malam bai sa komi a ciki ba sai ruwan gishiri da sukari, shi ma da faɗa. Ran na uku da na shiga ya buɗe ido ya ce, “Ke, ina abin nawa?” Na ce yana zuwa. Ya ce, “Shekara arba'in ba ki taɓa ce mani yana zuwa ba.” Ya juya fuska bango.

Na fito na tsaya ƙofar sashen ɗana. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kuma doguwar magana da shi. Na ce wa iska, “A gaya wa mai babur ɗin gidan nan gobe da safe zai kai ni Yashe.” Daga ciki ya ce, “Inna, hanya a rufe take.” Na ce, “A gaya mashi kafin a yi kwalta da ƙafa muke zuwa, kuma hanyar tana nan.”

Jikata ta ce in dai sai na je, to da sharaɗi. Daga gidan mai ciwo na fito, wataƙila ina ɗauke da shi ban sani ba, ƙawata kuma tsohuwa ce. Ba shiga bukka, ba riƙe hannu, ba cire takunkumi, in tsaya nesa kamar tsawon tabarma uku. Na ce na ji. A raina na ce in na isa wa zai gan ni.

Muka fita rana na ɗagowa. Tun da na haife shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba, ga shi dole in kama rigarsa. Muka bi ta gonaki, an yi sharar gona an tara toka ana jiran ruwa, ƙasa fayau, gawo kaɗai ke da ganye. Ni ke nuna hanya, shi yana tuƙi, ba mai ce wa wani uffan sai “dama” da “hagu”. Na ga rijiyar da muke hutawa ni da ƙawata in na rako ta, ta rufta. Na ga kukar da muka taɓa fakewa ruwan sama, ita tana nan. Wuraren da na sani daji duk sun zama gona. Sau biyu na ɓata, sau biyu wata tsamiya ta mai da ni hanya.

Hantsi ya yi sosai muka isa. Bukkoki sun zama ɗakunan ƙasa da rufin kwano. Shanu ba su kai rabin na da ba. Na sauka bakin danga na yi sallama. Wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta rame ta ƙanƙance, sai da ta yi magana na tabbata ita ce.

Ta ƙura mani ido ta ce, “Wace ce wannan da aka sa wa takunkumi kamar maraƙin da ake yayewa?”

Na ce, “Wadda ta fi ki iya tuwo.”

Ta saki sandar. “Kaɗo! Ke ce? Ashe ba ki mutu ba!”

Ta taho da hannu biyu a buɗe. Wallahi na yi niyyar karya sharaɗin. Sai na ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka daga ɗan takun nan kaɗai, na tuna tarin Malam. Na ja da baya na ɗaga hannu.

Na ce, “Tsaya nan, ƙawa. Kar ki matso. Ciwon nan da ake faɗa a rediyo, ana zaton shi ne a gidana.”

Ta tsaya. Muka dubi juna, danga a tsakani. Shekara goma da wani abu, ga ta ga ni, ko yatsanta ban taɓa ba. Ta zauna a kan turmi can, ni na zauna gindin iccen bedi nan, muka yi ta ɗaga murya kamar masu faɗa. Na ba ta labari tun daga Kano har kaji.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Jikar taki ta wanke ƙwarya da sabulu? Kai, Haɓe! To sauran matan garin fa, duk su ma sun wanke nasu?”

Na hau gyara takunkumina.

Ta ce, “Ba ki ba kowa ba.”

Na ce, “Ban ba ba.”

“Shekara arba'in?”

“Da ɗori.”

Ta girgiza kai. Ta ce, “Ni da na ba ki, ce maki na yi ki ɓoye? Mu nan nawa ya mutu ya fi sau goma. In ya mutu sai in aika gidan ɗiyata ko gidan ƙanwata a ɗebo mani. Wanda zan ba ki yanzu ma daga garin Ƙofa ya dawo mani bara. Aradu ke dai Kaɗo ce har gobe.”

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito ba da ƙoƙo ba, da ƙwaryarta ta kanta, baƙa wuluk, da kindirmo kusan rabi a ciki, an rufe da faifai. Ta ce sabuwar ƙwarya sai ta yi kwanaki kafin ta saba, mai ciwo kuwa ba shi da kwanakin jira. Ta aje ta tsakiyar fili ta koma kan turminta, sannan na je na ɗauka. Na aje mata ƙullin daddawar da na zo da shi a daidai wurin. Ta ce, “Ki ce wa mijinki in ya mutu bai biya ni gaisuwar shekara goma ba, ban yafe ba.” Na ce zai ji. Na hau babur ina waiwaye, tana tsaye bakin danga da hannu a sama, har gonaki suka shiga tsakaninmu.

Dawowar ta fi zuwa wuya. Rana ta take, zafi kuwa na sa kindirmo ya wuce tsami ya lalace. Na jiƙa zanena na naɗe ƙwaryar, na rungume ta a ciki kamar jariri. Duk rijiyar da muka samu sai in ce a tsaya a ƙara jiƙawa. Ga azumi a bakina, leɓe ya bushe, nono a cinyata yana ƙamshi. Ɗana ya ce, “Inna, matafiyi ai an yi mashi rangwame.” Na ce, “A gaya wa direba ya dubi gabansa.”

Azahar ta gota muka shiga gida. Kafin komi na ɗebi ludayi guda na zuba a ƙoƙo na rufe, na kira jikata na nuna mata. Na ce, “Likita, wannan sunansa iri. Ki gaishe shi.” Ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Ranka ya daɗe.” Sannan na wanke hannu da sabulunta na shiga wajen Malam.

Na tallafo kansa na kai ludayi bakinsa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya ƙara kurɓa. Ya sha uku. Ya ce, “Wannan ba naki ba ne.” Na sauke ludayin. Sai ya ce, “Na Bafillatanar nan ne. Tana nan da rai?” Na ce tana nan, ta ce kuma ba ta yafe ba in ka mutu. Ya yi wani ɗan sauti, ko tari ne ko dariya, ya ce a ƙaro.

Da la'asar na tatsi saniya na tafasa na sa iri a ƙwaryar ƙawata. Da safe na buɗe faifai. Ina azumi, ba halin ɗanɗanawa, sai na tsaida ludayi a tsakiya na saki. Ya tsaya.

Ba rana ɗaya ya tashi ba. Kwana biyu yana shan tsura, ran na uku na saka ɗan gari na fura, ya wuce. Gudawa ta ja baya kaɗan-kaɗan. Zazzaɓin ya yi ta zuwa yana komawa, tarin kuwa ya kai bayan salla. Ma'aikacin lafiyar nan ya dawo sau biyu yana auna numfashinsa. Sakamako bai iso ba sai da Malam ya fara zama da kansa yana jingina da bango, aka ce ita ce. Ran ashirin da bakwai ga azumi ina soya albasa a madafa, sai na ji murya daga ɗaki, “Wa ke ƙona albasa haka?” Jikata ta yi guɗa. Hanci ya dawo.

Na ce mata, “To likita, rubuta ki kai wa malamanku, kindirmo ya warkar da korona.”

Ta ce, “A'a Kaka, ba zan rubuta haka ba. Wasu sun sha nono sun mutu, wasu ba su sha ba sun tashi. Abin da na gani da idona, ya samu abin da cikinsa ya karɓa, gudawa ta tsaya, ya samu ƙarfin da zai yi fama. Ko ƙwayoyin sun yi wani aiki bayan wannan, masu bincike ba su gama ba.”

Na ce, “Su yi ta bincike. In sun gama su zo in ba su fura.”

Amma na yarda da maganarta, kuma haka nike faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Allah ne ya tashe shi. Ni dai na san bai ci komi ba sai da ƙwaryar nan ta shigo gidan, kuma da aka zo da allurar rigakafi daga baya, ni da shi muka fara miƙa hannu a unguwa.

Ran salla ba a je idi ba, kowa a gidansa ya yi. Na tashi na yi kindirmo ƙwarya biyu. Na kira maƙwabciyata ta katanga na miƙa mata ƙoƙo, tsura, ba fura.

Ta duba ta ce, “Lafiya? Ko ke ma ciwon ya kama ki?”

Na ce, “Karɓi kafin in sake shawara. Kuma ki ba duk wadda ta roƙa.”

Ta ce, “To hannun fa? Shi ma za ki ba ni?”

Na ce, “Shi sai an binne ni.”

Kafin damina ta tsaya, gida tara a unguwarmu na kwana da irin nan. Nasu bai kai nawa ba, wannan kowa ya sani, amma yana kamawa. Sau biyu tun daga lokacin nawa ya mutu, sau ɗaya na yi zazzaɓi, sau ɗaya mage ta kifar. Duk biyun ludayi kawai na miƙa ta katanga.

Na yi niyyar mai da wa ƙawata ƙwaryarta da hannuna in an buɗe hanya, in rungume ta in biya bashin ranar nan. Aka buɗe, na ce sai an gama shuka. Aka gama, na ce sai kaka. Ana cikin yankan gero saƙo ya zo ta rasu, ba korona ba, tsufa da ƙirji. Ganin da na yi mata bakin danga da hannu a sama shi ne na ƙarshe. Malam ya sa aka kai shi ta'aziyya, ya ce gaisuwar da ake binsa ce ya je ya biya.

Shi ma ya ƙara damina uku yana shan furarsa da azahar, sannan ya tafi cikin barcinsa na rana, kwanon na gefensa ya sha rabi. Ma'aikacin lafiyar an ce ya yi ritaya ya koma garinsu, ban san ko yana nan ba. Saniyar ta mutu, ɗiyarta ke turke yanzu. Waɗanda suka rage cikin mutanen wannan labari: ni, da ɗana mai babur wanda gemunsa ya yi fari har yau ban kira sunansa ba, da maƙwabciyata mai baki da haƙori biyu ya rage mata bakin bai ragu ba, da jikata da ke aiki a wani ɗakin shan magani wajen Kusada, wadda ke riƙe da alƙalamin nan tana cewa in rage zaginta. Sai ƙwaryar ƙawata, tana lungu a kife, ba a taɓa kai mata sabulu ba.